Wasan Celeste da Masu Nauyin Baki

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a kowane aji akwai wanda yakan raɓe can baya, ya san amsa sarai, amma da malam ya dube shi sai gumi ya karyo masa. Mukan ce miskili ne, ko mai girman kai. Lalle muna zaluntarsa.

Abin da ya sa na tsoma baki shi ne wani wasan kwamfuta mai suna Celeste, wanda Maddy Thorson da 'yan tsirarun abokan aiki suka fitar daga Kanada a 2018. Wata budurwa ce, Madeline, take hawan dutse da tsalle da maƙale-maƙale, alhali fargaba na cin ranta. Fargabar nan ta fito daga madubi cikin siffarta, tana bin ta tana kushe ta. Da Madeline ta nemi rabuwa da ita, sai ta rikito ƙasa. Ba ta kai ƙololuwa ba sai da suka sasanta.

A nan wasan ya fi mu hankali. Mu maganinmu ga mai jin nauyin jama'a shi ne a tura shi gaban taro, in ya daburce a ƙyalƙyale da dariya. Celeste kuwa, ko sau dubu ka faɗi, nan take zai mayar da kai kusa da inda ka faɗi, babu gori. Wanda abin ya yi wa tsanani yana iya rage saurin wasan.

Wasu za su ce zaman gaban allo kaɗaici yake ƙara wa mai gudun mutane. Ban musa ba. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyar muhawara ta bar sabon shiga ya fara magana gaban mutum uku, kafin a kai shi babban zaure.