GhanaPostGPS: Lambar Tana Nan, Amma Ina Mai Ita?

Ranar 18 ga Oktoba, 2017, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da GhanaPostGPS. Aka yanka ƙasar nan kaf gida-gida, kowane mita 5 a tsaye da mita 5 a kwance da tasa lambar. Haruffa biyu na farko suna nuna yanki da gunduma, GA a Akra, AK a Kumasi, NT a Tamale, sai lambobi su biyo. Mu mutanen zango mun fi kowa murna, don mun daɗe adireshinmu shi ne "bayan masallaci, ka tambayi mai koko". Wanda ya ɗan waye kuma sai ya ari akwatin gidan waya na makaranta ko na wani ɗan'uwa ma'aikaci, wasiƙa ta yi wata guda tana jiran mai ita.

Yau kusan duk fom ɗin da za ka cika, na banki ne ko na katin Ghana, sai an nemi wannan lamba. To, ma'aikatu sun tara lambobi jibgi. Wa ya taɓa zama ya tantance su?

Mai wannan rubutu malamin makaranta ne, kuma ya ga abin da idonsa. Wata yarinya a ajinsa ta ɗauke ƙafa mako biyu, wayar mahaifinta a kashe. Ya ɗauko lambar da ke cikin rajista ya bi manhaja, sai ga shi a ƙofar wani shagon buga takardu a bakin titi. Da ya koma ya sake duba rajistar, lambar nan guda ce a gaban sunayen yara da dama waɗanda ba su haɗa ko lungu ba. Iyayen ba ƙarya suka yi ba fa. An ce su kawo lamba, ba su da babbar waya, yaron shago ya danna a inda yake zaune ya rubuta musu. Yarinyar dai sai da tambaya aka gano gidansu, kamar yadda aka saba tun da.

A Ingila, gidan wayarsu na Royal Mail yana da rumbun adireshi da ake kira PAF, mai ɗauke da adireshi sama da miliyan 30, kuma kullum ana sabunta shi. Kamfani kafin ya aika wasiƙu dubbai sai ya gwada jerin sunayensa da wannan rumbu, adireshin da babu shi ya fito fili a gyara ko a cire. A Amurka ma mai aika wasiƙu da yawa ba ya samun rangwamen kuɗin aikawa sai ya tace jerinsa, har da duba waɗanda suka sauya gida.

Sai dai kada mu kwafo abin ido rufe. Rumbun Ingila jerin ƙofofi ne da ake kai wa wasiƙa. Namu kuwa ƙasa aka raba, saboda haka juji yana da lamba, tsakiyar kwata yana da lamba, dajin da ba kowa ma yana da tasa. Idan kwamfuta ta ce lamba daidai ce, abin da ta tabbatar kawai shi ne wurin yana cikin Ghana. Ba ta ce akwai gini ba, balle ta ce Malam wane yana kwana a ciki. Ga kuma gidajen hayarmu masu ɗaki goma sha: gida ɗaya ya haɗa lambobi da yawa, wa da ƙane suna cin tuwo a tsakar gida ɗaya amma a takarda kamar maƙwabta ne. A lungu mai matsi waya kan yi kuskuren da ya wuce mita 5 ɗin ma.

Duk da haka akwai abin da kowace makaranta, asibiti ko majalisar gunduma za ta iya yi gobe da safe ba tare da kashe sidi ɗaya ba. A jera lambobin a kwamfuta a ga wadda ta maimaitu fiye da kima. A duba haruffan farko, wanda ya rubuta yana zaune a Nima amma lambarsa ta fara da AK ai da sake. Rabin ɓarnar a nan za a kama ta.

Sauran aikin na Ghana Post ne. Muna kira gare su da su haɗa lambobin da jerin gidajen da aka manna wa allon adireshi, su buɗe wa ma'aikatu hanyar tambaya guda: wannan lamba gida ce ko fili? Su kuma samar da hanya mai sauƙi da ɗan haya zai sanar ya tashi, ko da ta ƙaramar waya ce, don a zango kuɗin haya na ƙarewa ake ɗaure kaya. Amsar da rumbun zai bayar ta tsaya a e ko a'a. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, doka mai lamba 843, tana nan, kuma ba mu yarda sunan mutum da ƙofar ɗakinsa su zama hajar da masu talla da masu ba da bashi ta waya za su saya ba.

Abin da muka fi tsoro shi ne a mai da tantancewa bulala. Tsohuwa ta zo sabunta katin inshorar lafiya, a ce lambarta ba ta yi ba, ta koma gida. Haba! Wanda lambarsa ta faɗi gyara masa za a yi, ba kora ba. Sammacin kotu ko takardar banki da ta je shagon buga takardu, talakan da bai gan ta ba shi zai biya tara.

A makarantu kuwa, shugabanni su ba malamai rana ɗaya a farkon shekarar karatu, kowa ya bi yaran ajinsa gida, a tsaya a bakin ƙofa a ɗauki lambar, a rubuta sunan mai gidan da lambar ɗaki a gefenta.