Haukan Kare Da Tsoron Ruwa

Akwai masu cewa mahaukacin kare ba ya kusantar ruwa, watau in kare ya ciji yaro, aka ga yana shan ruwa, shi ke nan lafiyarsa ƙalau. Wannan magana kuskure ce, tana kuwa iya jawo asarar rai. Mutum ne ciwon ke sa wa tsoron ruwa. Kare mai ciwon ya kan sha, har ya tsallake rafi.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar a cikin miyau take. In ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 1 zuwa 3. Can take ɓata wurin da ke kula da haɗiya da numfashi. Mai ciwo yana fama da ƙishirwa, amma da ya kurɓi ruwa sai maƙogwaro ya murɗe, numfashi ya ɗauke kamar an shaƙe shi. In ya sha wannan azaba sau biyu sau uku, to, ko ganin ƙwarya ko jin ƙarar zuba ruwa ya isa ya tayar masa da shaƙewar. Wanda ya kai nan kuwa, da ƙyar ƙwarai a ga ya tashi.

Saboda haka jiran alama wauta ce. Ruwan nan da mai ciwo zai gudu daga baya shi ne magani na fari. A wanke cizon nan take da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti ran nan don allura. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da irin wannan allura, sharaɗinta dai a yi ta kafin ciwo ya bayyana.

Makiyaya su ma su lura. Saniyar da ta kamu ta kan yi ta kuka da dalala kamar wani abu ya maƙale mata a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinta, a kira malamin dabbobi.

Mai kare kuwa ya kai shi a yi masa rigakafi. A Vom, kusa da Jos, ana yin maganin allurar. In aka yi wa kare 70 cikin 100 na gari, ciwon ya kan rasa hanyar yaɗuwa. Rigakafi ya fi magani.