Kada Ki Ƙona Takardun Marigayi

Wata ɗalibata ta fita takaba, tana gyaran akwatin maigidanta sai ta tsinci wasu takardun Turanci. Har ta nufi murhu da su, Allah Ya sa ta fara nuna mini. Ashe shaidar rancen da ya ba gwamnatin tarayya ce, irin wanda ofishin kula da basussuka na DMO ya fara karɓa a 2017, daga naira 5,000, na shekara 2 ko 3.

Uwargida, in kin ga irinsu, nemi sunan dillalin hannun jarin da ya saya masa. Idan wa'adi ya cika, asusun bankin mai takardar ake zuba kuɗin, don haka magada su je da shaidar rasuwa da izinin kotu.

Uwar kuɗin halal ce, a raba ta gado bayan biyan bashi da wasiyya. Ƙarin da ke kai kuwa kuɗin ruwa ne, malamai sun ce a ba mabuƙata, ba don neman lada ba.

Haƙƙin marayu ne, kada mu yi sakaci. Allah Ya jiƙan mamatanmu, amin.