Kuje Ba Gidan Yari Kaɗai Ba Ce

Daga Wakilinmu na Arewa

A watan Satumba na 2024 Allah ya nufe ni da zuwa Nairobi, babban birnin Kenya, wurin taron masu zana taswira na duniya, wanda ake kira State of the Map. Shi ne zuwana na fari, kuma shi ne karo na fari da aka yi wannan babban taro a Afirka. Na tafi ina ɗari-ɗari, don ilmina bai wuce sakandare ba. Ashe da yawansu 'yan sa-kai ne, waɗansu ma ɗalibai.

Taswirar tasu sunanta OpenStreetMap. Wani Bature, Steve Coast, ya fara ta a Ingila a 2004 ba don ciniki ba. Kowa yana iya ƙara hanya ko rijiya ko makaranta a cikinta, kowa kuma ya ɗauka kyauta.

Ran nan wata ɗaliba ta tambaye ni garinmu, na ce Kuje. Ta buɗe kwamfuta muka duba. Ga gidan yarin nan da aka fasa a watan Yuli na 2022, ga titin Gwagwalada. Amma ƙauyen da nake zuwa sayen doya, hoton tauraron ɗan Adam ya nuna rufin ɗakunansa sarai, suna kuwa babu. Wallahi kunya ta kama ni. Tauraro yana ganin rufi, amma bai san sunan gari ba, sai mutum ya gaya masa.

A can na ji labarin Kibera, unguwar talakawa ta Nairobi. A 2009 samarinta suka bi lungu-lungu da ƙafa, suka zana unguwarsu da kansu. Ku na Ikko kun san Makoko, su ma sun yi haka a 2019.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Tun da Janar Murtala ya kafa Abuja a 1976 birnin yake cin ƙasa, yau kuwa ya fuskanto Kuje. Ƙauyen da ba ya cikin taswira, ma'aikacin da ke zaune ofis daji zai ɗauke shi, ya ja masa layi ya raba filoti. Ban ce taswira takardar mallakar fili ba ce, kada wani ya ce wakilinmu ya faɗa. Amma wanda aka rubuta sunansa ya fi wuyar sharewa, kuma masu allurar rigakafi sun fi saurin samunsa.

Waɗansu dattawa sun ce mini wannan nuna wa ɓarayin mutane hanya ne. Na girmama maganarsu, amma ban yarda ba. Ɓarayin nan sun riga kowace taswira sanin daji. Mai motar asibiti ne yake ɓata.

Saboda haka ku da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, sunayen garuruwanku suna cikin kanku, wayar kuwa tana hannun 'ya'yanku. Ku zaunar da su ku faɗa musu, su rubuta. Ni dai ran Asabar zan nufi wajen Rubochi da Gwargwada, in tambayi Gbagyi da Gade yadda suke kiran kowane rafi da bakinsu.