BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kowace shekara, da zarar zafin bazara ya kankama a Yola da Jimeta, sai hankalin iyaye da malamai ya koma kan jarrabawar fita daga makarantar sakandare. A lokacin ne ake ganin ɗalibai suna ta kai da kawowa da ƴan ƙananan littattafai na taƙaita labari da tarin tsofaffin tambayoyi, suna haddar amsoshi dare da rana. Wannan hanya ba ta fid da kowa, musamman a fannin adabin Turanci da rubutun insha'i. Ɗalibin da bai karanta ainihin littafin da aka sa masa ba, kuma bai saba riƙe alƙalami ya tsara tunaninsa a takarda ba, haddar mako biyu ba za ta cece shi ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Sai da kyakkyawan sakamako a Turanci ake shiga jami'a a Nijeriya, kuma mai son karatun lauya ko digiri a harshen Ingilishi dole ya haɗa da adabi. A Yola akwai Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, har da reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Nijeriya. Abin takaici ne yaron da aka haifa a Jimeta ya riƙa wuce ƙofofin waɗannan makarantu kullum, amma ya kasa shiga saboda takarda guda.

Abin da ya faru a 2025 ya isa ishara. A watan Mayu na shekarar, jarrabawar Turanci ta hukumar WAEC ta yi jinkiri ƙwarai, har ɗalibai a wasu jihohi suka rubuta ta da dare da hasken tocila, hukumar kuma ta ce ƙoƙarin toshe satar tambayoyi ne ya jawo haka. Da aka fid da sakamako a watan Agusta, an fara cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi, daga baya hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba takardu, ta mai da adadin kashi 62.96. Ko da an ɗauki wannan adadi na biyu, fiye da sulusin ɗaliban ƙasar nan ba su sami abin da zai kai su gaba ba.

Wanda ya dubi yadda aka tsara jarrabawar zai gane dalilin da ya sa hadda ba ta wadatarwa. Adabin Turanci takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓen amsa, a cikinsu akwai waƙa da zube waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, da kuma maganganun da aka tsamo daga wasan Shakespeare, a tambaye shi wane ne ya faɗa, ga wa, kuma a wane hali. Ta biyu a kan ƙagaggun labarai take, ta uku kuma a kan wasan kwaikwayo da waƙoƙi, dukkansu da dogon rubutu ake amsa su. A takardar harshen Turanci kuwa, ana bukatar insha'i na kalmomi kamar 450, ko wasiƙa, ko jawabi, ko muhawara, ko labari. Maki 50 ne: 10 don ma'ana, 10 don tsari, 20 don iya sarrafa harshe, 10 don ƙa'idojin rubutu. Ashe ke nan kaso mafi tsoka yana ga iya sarrafa harshe, shi kuwa ba a sayensa a kasuwa, sai ta yawan karatu da yawan rubutu.

Daga 2026 zuwa 2030 hukumar ta sa sababbin littattafai. A cikinsu akwai wasan Shakespeare mai suna Antony and Cleopatra, wanda ya shafi mulki da soyayya tsakanin Rum da Masar. Akwai To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960, labarin wani lauya da ya tsaya wa baƙar fata da aka yi wa ƙage a kudancin Amurka. Akwai kuma The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland ta ƙasar Gana, inda uba ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin ƴarsa guda don ya ci dukiyarsu. Wannan uba, Ananse, ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniyoyin Hausa, da wayonsa da kwaɗayinsa. Yaron da ya tashi yana jin labarin Gizo da Ƙoƙi ba baƙo ba ne a wannan wasa, muddin an sa littafin a hannunsa. Sauyin littattafai kuwa yana nufin tsofaffin da ke cikin ma'ajin makarantu sun gama aikinsu, dole a sayo sababbi.

Gaskiya ne ɗan Adamawa yana da wani nauyi na musamman. Sau da yawa da Fulatanci ko Bachama ko Kilba ko Margi ko Chamba ya buɗe baki, ya koyi Hausa a unguwa da kasuwa, Turanci ya zo masa na uku. Amma wannan ba naƙasa ba ce. Yaron da ya riƙe harsuna biyu tun kafin ya shiga aji, na uku ba zai gagare shi ba in ya sami mai koya masa. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, kuma duniya ta shaida ƙwarewarsa a Turanci. Riƙe harshen gida bai hana shi mallakar na waje ba.

Hasali ma Yola ba ta bukatar aron hanyar karatu daga ko'ina. Modibbo Adama ne ya kafa garin a 1841, kalmar Modibbo kuwa ma'anarta malami a Fulatanci. A zaurukan malamai, ɗalibi yakan ɗauki littafi daga bangon farko, ya karanta jimla, malam ya fassara ya yi bayani, gobe ya dawo ya maimaita, har a sauke. Ba a taɓa jin wanda ya ce ya sauke littafi alhali taƙaitawarsa kaɗai ya ji ba. Wannan ƙa'ida ita ce ta dace da ajin adabin Turanci.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Adamawa ta ɗauki littafin karatu da muhimmanci daidai da kuɗin rajistar jarrabawa. Biya wa yaro kuɗin jarrabawa alheri ne, amma in ba a ba shi littafin da za a tambaye shi a kai ba, an saya masa tikitin mota ne ba a ba shi guzuri ba. Ya kamata kowace makarantar gwamnati ta sami isassun kofe na littattafan tun ɗalibai suna aji huɗu, ba sai sun kai aji shida ba. Haka nan a ƙara ɗaukar malaman Turanci, domin malami guda ba zai iya duba rubutun ɗaruruwan yara da kyau ba.

Shugabannin makarantu su tabbata kowane ɗalibi yana rubuta insha'i guda a mako, malami ya duba da jan alƙalami, ɗalibi ya sake rubutawa da gyara. A farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara da wasan kwaikwayo, domin wasan da yaro ya taka da kansa ba ya mantawa da shi. Tsofaffin ɗalibai na makarantu irin su Kwalejin Janar Murtala Muhammed da Kwalejin Aliyu Musdafa, waɗanda Allah ya ɗaukaka da yawa daga cikinsu, su tuna da ɗakunan karatun da suka rene su.

Iyaye kuma su sani kuɗin da ake kai wa cibiyoyin satar amsa ya fi kuɗin littattafan nan duka, abin da ake sayowa da shi kuwa takarda ce marar ilmi, wadda za ta kunyata mai ita ranar da aka ce ya rubuta wasiƙar neman aiki. Su kuwa ɗalibai, shafi goma a rana ya isa a sauke littafi a wata guda, kuma wayar da ke hannunsu tana iya zama ƙamus maimakon abin hira.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda zai zauna jarrabawa baɗi, yau ne ya kamata ya buɗe shafin farko.