Tsohon Fiyano Da Masu Kashe Shi

Akwai wata ɓarna da a ke yi a Samaru da Sabon Garin Zariya wadda ba a cika kula da ita ba, domin ba ta da ƙara. Ɓarnar kuwa ita ce ta tsofaffin fiyano, watau akwatunan kiɗan nan masu fararen madannai da baƙaƙe, waɗanda a kan tarar a kusurwar majami'a, ko a zauren taron makaranta, ko a tsohon gidan ma'aikata. Mutane iri biyu ne ke kashe su. Na farko shi ne mai cewa tarkace ne, a kira 'yan gwangwan su fasa, su auna ƙarfen, su biya. Na biyu shi ne mai cewa dukiya ce, ya kulle shi a ɗaki yana jiran ranar da wani Bature zai zo da jakar kuɗi. Dukansu biyu sun ɓata hanya, kuma abu guda ne ya ɓad da su, watau rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san asalin abin. Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago fiyano wajen shekarar 1700. Fiyano na tsaye ya kan kai kilo 200 ko fiye, saboda haka ba kayan jaki ba ne. Sai da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya bunƙasa a gefen tasha, sa'an nan irin wannan kaya mai nauyi ya sami hanyar zuwa. Samaru kuma ta tara ma'aikata da malamai, tun daga gonar binciken aikin noma ta shekarun 1920 har zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Duk tsohon fiyano da ya saura a waɗannan wurare ya ƙetaro teku, ya yi tafiyar ɗaruruwan mil daga bakin ruwa, ya sha hunturu shekara da shekaru. Abin da ya jure wannan bai cancanci gatari ba tun ba a bincika lafiyarsa ba.

In an buɗe cikinsa za a ga aikin gwanaye. Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A da a kan lulluɓe fararen da hauren giwa, baƙaƙen kuwa da wani baƙin itace mai tauri, ɗan'uwan kanya. Ko wane madanni in an danna shi ya kan ɗaga 'yar guduma mai kan ulu, ta bugi tsirkiyar waya. Tsirkiyoyin nan sun fi 200, kuma an ɗame su ƙwarai, har jan da su ke yi gaba ɗaya ya kan kai nauyin tan 18 ko fiye. Don haka aka sa musu gindin ƙarfen zubi ya riƙe su, dabarar da Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Amurka a 1825. Bayan tsirkiyoyin akwai wani siririn allo na itacen ƙasashen sanyi. Shi ne mai ba da amo, kamar yadda ƙoƙo da fata su ke ba goge murya. Yawancin waɗannan sassa da gam aka haɗa su, irin wanda a ke dafawa daga fatar dabba.

To, mai kiran 'yan gwangwan, me zai samu? Ƙarfen zubi da 'yar jar waya, kuɗin cefanen kwana kaɗan. Ya sayar da abin da zai koya wa yara kiɗa shekaru da yawa, ya sayi abin da zai ƙare kafin Juma'a ta zagayo. Ban da wannan, aikin akwai haɗari. Wayar da aka ɗame haka in an datse ta da ganganci ta kan zabura kamar bulala, tana iya tsone ido. A cikin madannan kuma akwai 'yan dunƙulen dalma da aka cusa don daidaita nauyi, in an watsar da su a tsakar gida yara su ɗauka su sa a baki. Wanda ya ji yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan wasa ba.

Mai kullewa a ɗaki kuwa, shi ma mafarki ya ke yi. Gaskiya ne akwai fiyano masu darajar da ba ta misaltuwa. Guda uku na hannun Cristofori suna nan har yau, na 1720 da na 1722 da na 1726, a gidajen tarihi na Amurka da Italiya da Jamus. Amma waɗannan tsiraru ne. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 masana'antun Ingila da Jamus da Amurka sun ƙera fiyano dubbai a kan dubbai, har ya zama yau a can tsohon fiyano na tsaye sau da yawa kyauta a ke bayarwa ga duk wanda zai biya kuɗin dako. Ina Baturen da zai baro na kyauta a ƙofar gidansa ya zo Samaru saye?

Wai hauren giwar ne dukiyar, in ji su. Hauren da ke kan madanni ɓawo ne siriri, bai fi kaurin farce da yawa ba, kuma tun shekarun 1950 masana'antu da dama suka koma amfani da roba. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu. Nijeriya tana da dokarta ta kare namun daji tun 1985, kuma a Janairun 2024 hukuma ta niƙe hauren da aka kama wajen tan biyu da rabi a Abuja. Wanda ya ɓamɓare madannai don ya sayar ya lalata fiyano, ya kuma jawo wa kansa shari'a. Giwar da ta mutu shekara ɗari da suka wuce ba ta dawowa, abin da ya fi shi ne a bar haurenta inda ya ke yana aiki, a tsare 'yan giwayen da suka rage a Yankari.

Mai kullewar bai san cewa ɗakin nan kabari ba ne. Itace ya kan kumbura da laima, ya tsuke da fari. A Zariya danshin iska ya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da hunturu, ya hau wajen 80 a watan Agusta, alhali fiyano ya fi son 40 zuwa 50. Wannan kai da kawowa shi ke tsaga allon amo, ya saki gam, ya sassauta ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiya. Makaɗan kalangu da na goge sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba su barin kayansu a raɓa. Da zarar an rufe ƙofa an manta, sai gara ta hau daga ƙasa, asu ya cinye ulu, ɓera ya yi gida. Ran da aka buɗe sai a tarar da gari.

Waɗansu kan ce, ai kayan Turawa ne, ina ruwan mutumin Zazzau da shi? Keken ɗinki ma na Turawa ne, haka injin buga littattafai na Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, ga shi kuwa da shi Hausa ta shiga hannun dubban mutane. Kayan aiki na wanda ya iya shi ne. Akin Euba, masanin kiɗa ɗan Nijeriya wanda ya rasu a 2020, ya yi suna a duniya da sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. Waɗansu kuma kan ce, ga na lantarki mai sauƙin ɗauka. Ba a ƙi ba, amma ran da aka ɗauke wuta ana tsakiyar taro, wane ne zai ci gaba da kiɗa? Na lantarki in ya lalace sau da yawa sai a yar, na itace kuwa a kan gyara shi sashe sashe.

Kulawar ba ta da wuya. A nisanta shi da taga, da bangon da rana ke duka, da murhu, da inda kwano ke yoyo. A riƙa share ƙarƙashinsa ana duba hanyar gara. Kada a ɗora masa kofin ruwa, kada a wanke madannai da kananzir, tsumma mai laushi da aka matse sarai ya isa. Kada a ɗiga mai a ƙusoshin tsirkiya, don santsi zai sa su saki. A kira mai gyara ya daidaita sautinsa sau biyu a shekara, in damina ta zauna da in hunturu ya zauna. Mafi girma duka, a riƙa kaɗa shi, domin mai kaɗawa shi ke fara jin ciwonsa.

Ba ko wane tsoho ne zai tashi ba. In ƙarfen zubin ya tsage, ko ƙusoshin sun daina riƙo gaba ɗaya, kuɗin gyara ya kan fi ƙarfin mai shi. Amma wannan hukuncin na mai gyara ne, ba na mai sikeli ba, kuma ko mataccen fiyano yana da sassan da za su rayar da wani. Masu gyaran kuwa kaɗan ne. Samarin Sabon Gari da suka iya gyaran agogo da rediyo da keken ɗinki, in sun sami mai koya musu, wannan sana'a ba za ta gagare su ba.

Ga aiki ga wanda ya ci amfanin yaƙi da jahilci. Ya ɗaga murfin fiyanon makarantarsu ko na majami'arsu, ya kwafi sunan maƙerin da lambar da ke ciki, domin da lambar nan a kan gane shekarar ƙira. Ya buɗe ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar gyara da abin da aka kashe. Abin da ke rubuce ba ya fita ta ƙofar baya da dare ba a tambaya ba. Shugabannin makarantu da na majami'u su tuna amana aka bar musu, kuma za su miƙa ta ga na baya. Da tsohuwar zuma a kan yi magani. Allah ya sa a gane tun gara ba ta gama aikinta ba.