Kaurin Bututu da Haƙƙin Mai Saye

Ko da yake malamanmu sun daɗe suna jan kunnen 'yan kasuwa game da tauye mudu, har Alƙur'ani mai girma ya keɓe wa al'amarin sura guda, wato Suratul Muɗaffifina, akwai wani awo da ya ɓuya ga idon jama'a, wanda ba kasafai ake jin sa a bakin mai wa'azi ba, shi ne kaurin jikin bututun ƙarfe, irin wanda magina da masu walda ke saya kullum domin ƙofofi da rumfuna da jan ruwa.

Ma'aunin wannan aiki shi ne maikiromita, wadda Jean Laurent Palmer, mutumin Faransa, ya yi wa rajista a 1848. Hikimarta tana cikin murɗi: kowane zagaye yakan matsar da bakinta rabin milimita, an kuma tsaga zagayen gida 50, saboda haka layi guda kashi ɗaya ne cikin 100 na milimita. Amma fa wadda aka fi sani, mai shafaffen baki, domin shimfiɗaɗɗen ƙarfe aka yi ta. Idan aka zura ta cikin bututu, gefunan bakin kaɗai ke dafa ƙarfen, tsakiya ta bar sarari, sai alƙaluma su nuna kaurin da babu shi, kuma gwargwadon ƙanƙantar bututun, gwargwadon girman kuskuren. Abin lura, wannan kuskure kullum mai sayarwa yake yi wa rana, ko da shi kansa bai nufi algus ba. Dalili ke nan masana suka ƙera mai baki kamar ƙwallo, wadda ke taɓa lanƙwasar ciki a ɗigo ɗaya tak.

Inda baki ba ya shiga kuwa, kamar tukunyar gas da tsatsa ke iya ci ta ciki, akwai na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe, inda yake tafiya kimanin mita 5,900 a daƙiƙa, ta lissafa kauri daga lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo.

A ganina wajibi ne ƙungiyoyin dillalan ƙarfe su ajiye waɗannan ma'aunai a kasuwa, makarantun koyon sana'a su koyar da karanta su, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, kuma ta riƙa duba sahihancinsu. Kai kuma mai saye, kada kunya ta hana ka cewa a auna a gabanka kafin ka biya.